Jan Biro a kan Waƙar Daɓe: Abin da Wani Aji Ya Koya Mini

Tun ina ɗalibin digiri na farko nake jin ana maimaita cewa ɗalibi ne ya kamata ya zama cibiyar koyarwa. Mun haddace sunan John Dewey da littafinsa na 1916 kan dimokuraɗiyya da ilimi. Mun kuma haddace sukar da Paulo Freire ya yi wa malamin da ke ɗaukar kan yaro tamkar asusun banki, ya zuba ilimi yau don ya cire shi ranar jarrabawa. Abin ban dariya shi ne, duk wannan shifta aka yi mana, muka kwafa, muka mayar wa mai shi a takardar amsa.

Ban san nauyin maganar ba sai da aikin bautar ƙasa ya kai ni wata ƙaramar sakandare a ƙasar Sakkwato, ni Bakano, aka ba ni darasin Hausa. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare. Ajina ya ninka haka. Na kama hanyar da na gada: in cika allo da ma'anar adabin baka da rabe-rabensa, su kwafa, ƙararrawa ta raba mu.

Da muka zo kan waƙoƙin mata na aikace-aikace, na niƙa da daka da daɓe, sai na ga rashin dacewar abin. Ga ni ina karanto ma'anar waƙar daɓe daga littafi, alhali ban taɓa tsayawa inda ake daɓe ba, don a unguwarmu siminti ya riga ya kore shi. Su kuwa yaran, wasunsu a ɗakin daɓe suke kwana. Sai na ajiye alli, na ce kowa ya je gida ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa, ya rubuto waƙa ɗaya kamar yadda ya ji ta.

Ranar Litinin ajin ya zama kasuwa. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suna rige-rigen ɗaga hannu. Wata yarinya mai zama a can baya ta kawo waƙar daɓe mai tsawo daga bakin kakarta. Ta bayyana yadda mata ke jeruwa da madaɓai, ɗaya na bayarwa saura na amshi, da yadda saukar madaɓi ke riƙe wa waƙar kari. Har ta nuna mana baitin da ake yi wa kishiya habaici, ajin ya fashe da dariya. A ranar na ji bayanin da babu shi a takarduna.

A nan kuma na yi ɓarnar. Na karɓi takardarta, na zaro jan biro, na fara gyara: "tahi" ta koma "tafi", "wagga" ta koma "wannan", "ɗiya" ta koma "'ya". Na kwafe gyararren a allo, na ce wannan ce Daidaitacciyar Hausa. Yarinyar ta miƙe a hankali ta ce, "Malam, in an faɗe ta haka ba ta hawa madaɓi." Na ce ta zauna, jarrabawa ba ta san madaɓi ba. Aka sake yin dariya, wannan karon ita ake yi wa. Har na bar makarantar ba ta ƙara ɗaga hannu ba.

Gaskiyarta ce. Inda na sauya kalma mai gaɓa biyu da mai gaɓa ɗaya, ma'aunin baitin ya karye. Duk wanda ya karanta Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau ya san ba a raba waƙar baka da rerawarta da yanayin aiwatar da ita. Na san wannan a aji huɗu na jami'a, na ci maki a kansa. Abin da ban iya ba shi ne karɓar sa daga bakin 'yar shekara goma sha uku.

Tun daga lokacin nake ɗari-ɗari da yadda ake gabatar da wannan tsari a tarukan bita, inda ake taƙaita shi ga jera bencina rukuni-rukuni da raba kwali da alƙalamin zane. Ni ma na ba yara aikin bincike, na bar su suka yi magana, amma da abin ya zo ga wa ke da ikon cewa "daidai ne", sai na ƙanƙame shi. A darasin lissafi wataƙila malami na da uzuri. A darasin Hausa kuwa, yaro kan shigo aji da harshen a bakinsa, da karin maganar gidansu, da tatsuniyar da aka yi masa jiya da dare. Aikin malami shi ne ya ba shi kayan nazarin abin da ya riga ya mallaka, ya kuma koya masa daidaitaccen rubutu a matsayin ƙari, ba tare da ya nuna masa cewa karin harshen uwarsa kuskure ne ba.

Akan ce tsarin baƙo ne, daga Turai da Amurka ya zo. Ban yarda gaba ɗaya ba. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, da inda ya tsaya. Ba a yi masa ƙari sai ya biya na jiya, ya wanke. Mai babbaƙu da mai farfaru da wanda ya kusa sauka suna zaune a tabarma ɗaya, gardi na biya wa kolo. Wannan bin saurin ɗalibi ne, da koyo daga ɗan'uwa, tun kafin Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano a 1909. Sai dai nassin da ake koyarwa can ba a taɓa shi, kuma haka ya dace da Alƙur'ani. Kuskurenmu a boko shi ne mun yar da bin saurin yaro, muka riƙe haddar, muka ɗora ta a kan rubutun malami, wanda ba shi da wannan alfarma.

Ba na raina uzurin malamai. Minti arba'in ne, manhaja na jira, kuma masu jarrabawa Daidaitacciyar Hausa suke nema. Amma abin da ya kamata in yi ranar bai fi minti biyar ba: in rubuta waƙar yadda ta zo a gefe ɗaya na allo, daidaitaccen rubutu a ɗaya gefen, in tambayi ajin me ya ɓace a tsakani.

Da na fara binciken digiri na biyu kan waƙoƙin mata, na koma garin da na'urar ɗaukar murya. Aka ce mini tsohuwar ta rasu, jikarta kuma an kai ta aure wani gari. Na dawo na bincike tsofaffin littattafaina na shirin darasi, na tarar da waƙar a ciki, amma gyararriyar ce, da rubutun hannuna. Takardar asali na riga na mayar wa yarinyar tun a ranar.