Injin wasan da na tarar a Maamobi

Biki ne ya kai ni Accra. Na bi ta Legas da Kwatano da Lome, na tsallaka iyakar Aflao, na sauka a Nima ranar Laraba kasuwa na ci. Washegari wayata ta ƙi caji, sai ɗan mai masaukina ya ja ni lungu-lungu zuwa shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a Maamobi.

A ƙuryar shagon na hango wani dogon akwati mai ƙafa huɗu da murfin gilashi, an jibga masa matattun talabijin.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Pinball ke nan, ɗana. A wani otal da ya rufe na saye shi."

Ya sauke kayan, ya jona injin da ƙaramar taransifoma, domin injin na Amurka ne, wutar can kuwa ba irin ta Ghana ba ce. Fitilu suka kama, rabinsu a mace. Ramin kuɗin bai san komai ba sai tsofaffin kwabbai na kafin canjin sidi na 2007, don haka ya zura hannu ciki ya taɓa wata waya. Ƙwallon ƙarfe ta fito tana karo da turaku, ƙararrawa na bugawa. Robobin da suka tsinke duk da tsohon tub na keke ya maye su.

Wannan wasa ya ga jiya ya ga yau. Birnin New York ya haramta shi a 1942 da sunan caca, sai a 1976 aka ɗage haramcin. Injin pinball mai suna The Addams Family na 1992 an sayar da fiye da 20,000, amma a 1999 kamfanin Williams ya daina ƙera injunan, ya bar wa kamfanin Stern filin. Yanzu masu tara tsofaffin injuna a Amurka da Turai ke riƙe da kasuwar, akasarinsu waɗanda suka buga shi da ƙuruciya, yau furfura ta fito. In sun kau, wa zai saya? A 2021 ma wani gidan adana su a Banning ta Kalifoniya ya rufe, aka yi gwanjon kayansa.

Baba ya ce 'yan gwangwan sun sha taya injin da kilo, yana cewa albarka. Damuwarsa ɗaya: ba yaron da ya zauna ya koyi cikinsa, duk sun tafi shagon PlayStation.

Kafin ya gama da wayata, ɗan rakiyata ya zubar da ƙwallo uku, ya roƙi ta huɗu. Baba ya miƙa masa sukundireba, ya ce, "Buɗe da kanka, in nuna maka wayar."