Wata Huɗu Ina Jiran Kwalba Ɗaya



Duk wadda ta taɓa kwaɓa kek ko cincin a ƙasar nan ta san 'yar kwalbar nan ta filebo. Ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma murfi ɗaya ya isa ya cika gida da ƙamshi har maƙwabta su leƙo. Akwai na abarba, na ayaba, na kwakwa, na madara, sai dai sarkinsu shi ne na banila. Mun saba da shi har idan kek bai yi wannan ƙamshin ba sai mu ce mai yin ta yi rowa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, mene ne a cikin kwalbar?

Ni sana'ata ke nan. Tun da na gama difloma a poli a Dutse na dawo gida Basirka, takardar tana ƙasan akwati tana jiran ranarta, ni kuma ina gaban tukunyar yashi da gawayi ina gasa kek a gwangwani. Ina yin cincin na biki da suna, da zafi kuma in ƙara da kunun aya da zoɓo idan an samu ƙanƙara. Da wannan nake sayen sabulu da data, da shi nake biyan kuɗin wata na ƙungiyarmu ta marubuta.

Bara, ana gab da shiga hunturu, wata Hajiya da za ta aurar da 'ya ta aiko a kira ni kan kek da cincin na gara. Mun gama ciniki ke nan sai ta ɗauko waya ta kunna mini wani saƙon murya da ake ta turawa.

"'Yar nan, kin ji abin da ake faɗa? Wai wannan filebon naku da giya ake haɗa shi. Ni ba zan kai wa surukai abin da zan zo ina jin kunya ba."

Na ce, "Hajiya, a ba ni kwana biyu in duba."

Na fito gabana yana faɗuwa. Wanda ya san ƙaramin gari ya san dalili. Magana zarar bunu ce. Idan aka ce kek ɗin 'yar gidan wane da giya a ciki, ba wanda zai tsaya neman hujja, kuma ba ni kaɗai abin zai shafa ba, har Baba sai an kalle shi a masallaci.

Da na koma gida na juyo kwalaben da nake da su guda uku ina karanta bayansu. Ɗaya ta lissafa abin da ke cikinta: ruwa, sinadarin banilin, kala, da wani ruwa mai suna furofilin gilaikol. Ta biyu hoton fure ne kawai da suna, ko adireshin kamfani babu. Ta uku, wadda aka kawo mini tsaraba kuma ta fi tsada, a jikinta an rubuta alkahol ɓaro-ɓaro. Ashe saƙon muryar bai yi ƙarya duka ba, bai kuma faɗi gaskiya duka ba.

A nan karatun ɗakin gwaji ya yi mini rana. Banilin shi ne sinadarin da hancinmu ya sani da sunan banila, kuma mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya bai taɓa haɗa hanya da shukar banila ba. Tun 1874 wasu Jamusawa biyu, Tiemann da Haarmann, suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. Yau akasari daga sinadaran man fetur ake samar da shi, wani kuma daga ragowar itacen da ake yin takarda. Gari ne fari, sai an narkar da shi a cikin wani ruwa kafin a ɗura a kwalba. Wasu kamfanonin furofilin gilaikol suke sa wa, wanda ba ya sa maye. Wasu kuma itanol, wato ainihin abin da ke bugarwa a cikin giya. A kimiyya kalmar alkahol sunan dangi ne babba, itanol ɗa ɗaya ne a cikinsu, amma idan kun ga kalmar ita kaɗai a jikin kayan abinci, to shi ake nufi.

Sai na ce to me zai hana in haɗa nawa da hannuna, in san abin da na zuba? Na shiga intanet. Haɗin ba shi da wuya ko kaɗan: a tsaga silin banila, a jefa a kwalba, a zuba ruwa ya rufe shi, a ajiye wata da watanni. Jiƙo ne kawai, irin wanda iyayenmu suka iya. Matsalar ita ce ruwan. Kusan kowa da bodka yake yi. A Amurka ma doka ce: ba za a kira abu tsantsar ruwan banila ba sai alkahol ɗin cikinsa ya kai kashi 35 cikin 100, kuma an jiƙa kimanin giram 100 na banila a kowace lita. Dalilinsu a fili yake, itanol yana janyo ƙamshin da ruwa zalla ba ya iya janyowa, kuma yana hana jiƙon lalacewa.

Malamai suna da maganganu kan ɗan abin da ya narke ya ɓace a cikin abincin kamfani, wannan fagensu ne. Amma ni in sa a sayo mini kwalbar giya sukutum, a jihar da ke kan shari'a tun shekarar 2000, in ajiye ta a ɗakin girkin Inna wata shida ina girgizawa? Wannan ko tunaninsa ban tsaya yi ba.

Mafitar ita ce gilisarin. Ba wanda muke zubawa a man shafawa da hunturu ba, akwai na ci wanda ake yi daga man tsirrai, kuma sai an tabbatar an rubuta haka a jikinsa. Ruwa ne mai kauri kamar zuma, mai ɗan zaƙi. Shi ma yana janyo ƙamshi, sai dai a hankali, kuma bai kai itanol ƙarfi ba. Wani ɗan'uwanmu da ke sayo mini fulawa da bota a kasuwar Singa shi ya nemo mini shi a Kano. Silin banilar kuwa sai da aka yi odarsa daga wata mai sayar da kayan kek ta intanet, aka sa a motar da ke biyowa ta Wudil da Birnin Kudu. Sili goma kacal, amma kuɗinsu zai saya mini filebon shekara guda har da canji.

Da na kwance ledar Inna ta leƙo, ta ɗauki ɗaya ta jujjuya.

"Wannan ai kimba ce ta yi tsawo. Ita kika zubar wa kuɗi haka?"

Ta kai hanci, sai ta yi shiru. Ta sake shinshinawa. Ba irin ƙamshin filebo ba ne mai dukan hanci. Wani abu ne mai nauyi, kamar busasshen dabino da ɗan hayaƙi-hayaƙi da itace a tare.

Tambayar Inna ta sa na bi diddigin tsadar, kuma a nan ne abin ya kama ni. Banila 'yar asalin Meksiko ce, shuka ce mai naɗe bishiya, tana yin kamar shekara 3 kafin ta fara fure. Furen kuma yini ɗaya yake buɗewa. Idan ba a yi masa barbara a ranar ba, ya faɗi ke nan. Da Turawa suka kai shukar wasu ƙasashe sai ta riƙa fure ba ta 'ya'ya, domin ƙwarin da ke yi mata wannan aikin an baro su a gida. Wanda ya warware matsalar yaro ne ɗan shekara 12, bawa, a tsibirin Reunion, mai suna Edmond Albius. A 1841 ya nuna yadda za a sa ɗan tsinke a ɗaga wata 'yar fata a cikin furen, a danna da babban yatsa. Har yau da wannan dabarar ake yi, fure ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Shi kuwa an 'yanta shi a 1848, ya rasu a 1880 cikin talauci.

Bayan barbara sai a jira kusan wata 9 kafin a tsinke. Kuma ɗanyen silin kore ne shar, ba shi da ƙamshin komai. Sai an tsoma shi a ruwan zafi, an naɗe a bargo ya yi gumi, ana shanyawa a rana ana kwashewa makonni, sannan a rufe a akwati watanni. Da na karanta wannan, daddawa ce ta faɗo mini a rai. Wa zai shinshina ɗanyar kalwa ya ce ita ce za ta gyara miya? Sai an dafa, an surfa, an wanke, an rufe ta kwana da kwanaki. Ƙamshin aikin hannun mata ne da haƙurinsu, can da nan. Madagaska ce ta fi kowa nomanta yanzu, kuma a 2017, bayan guguwar Enawo ta bi ta gonakinsu, kilo ɗaya ya kai wajen dala 600. Saboda ɓarayi, manoma har huda alamarsu suke yi a jikin ɗanyen silin. In ban da za'afaran, ba kayan ƙamshin da ya fi ta tsada. (Wani abin dariya: Meksikon nan da ta ba duniya banila tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake lodi daga Jigawa. Su suna shan namu, mu muna shan kwaikwayon nasu.)

Bikin Hajiya ba zai jira jiƙo ba, don haka na ware sili biyu. Na tsaga su, na kankare baƙaƙen 'ya'yan da ke ciki, ƙanana kamar garin gawayi, na jefa duka a madara mai zafi na rufe ta huce, da ita na kwaɓa kek ɗin. Cincin kuwa gyaɗar ƙamshi da ɓawon lemo na goga masa. Na ɗauki sili ɗaya na kai mata ta gani da idonta, na ce ga abin da ke ciki, ba kwalba ko ɗaya. Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka," ta kuma ƙara mini wani abu a kan cinikin, duk da bai rufe kuɗin silin ba.

Sauran takwas ɗin su na jiƙa. Na dafa wata kwalbar zuma ta gilashi na bar ta ta bushe ƙarau, domin gilisarin ba ya yafe ƙazanta kamar itanol. Na tsaga kowane sili a tsaye na yanka gida uku. Na haɗa gilisarin kashi uku da tafasasshen ruwa kashi ɗaya, kimanin kofi ɗaya da ɗan ɗori, na zuba har ya shanye kansu, domin duk wanda ya leƙo sama zai iya yin fumfuna. Na rubuta kwanan wata na liƙa, na tura ta bayan kwanukan Inna inda rana ba ta kaiwa. Duk Juma'a in ɗauko in girgiza. Da sanyi ya tsananta ruwan ya yi kauri har ba ya motsi, sai na riƙa tsayar da kwalbar a ruwan ɗumi kafin in girgiza. Wata na farko kamar ba abin da ke faruwa. A na biyu ya koma kalar shayi marar madara. Ƙanena ya sa mata suna "ajiyar banki".

Ana saura kwanaki azumi na buɗe, wata huɗu cif. Na yi gwaji irin wanda aka koya mana: kwaɓi ɗaya na raba biyu, rabi filebo rabi nawa, ban gaya wa kowa wanne ne wanne ba.

A cincin, wallahi ba wanda ya bambance, har ni. Banilar gaske tana ɗauke da sinadaran ƙamshi sama da 200, amma yawancinsu ba sa jure wuta, mai zafi yana kore su ya bar banilin, wanda shi ne dai ke cikin filebo. A kek an ɗan ji bambanci, shi ma sai da na ninka awo. Inda abin ya fito shi ne kunun aya mai sanyi. Na filebo ƙamshinsa yana tarar mutum tun kofi bai kai baki ba, ya wuce nan take. Nawa sai an haɗiye sannan ya taso, ya zauna, bai kuma danne ɗanɗanon ayar da dabinon ba. Baba ya miƙo kofi a ƙara masa bai ce komai ba. Yaran gidan kuwa gaba ɗaya na filebo suka zaɓa, wai nawa "ba a sa komai ba".

Ban ga laifinsu ba, da shi aka yaye su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda 'yar kwalbar nan ta mayar da komai ɗanɗano ɗaya: kek, zoɓo, kunun aya, yogot, duk hanci ɗaya. Nakiyar kakata citta ce da kanunfari da masoro da kimba, tana yin watanni ba ta canza ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta me ta zuba, domin kowa ya ga abin a turmi.

Yanzu ga yadda na tsara. Cincin na kasuwa ina sa masa filebo, amma wanda ya lissafa abin da ke cikinsa kaɗai. Mai hoton fure da mai alkahol na daina. Nawa na kwalbar zuma na kunun aya ne da kek na oda, kuma ina faɗa wa mai saye tun farko cewa kuɗinsa ya ɗara. Mutum uku suka yarda zuwa yanzu, biyu daga cikinsu Hajiya ce ta turo su. Kwalbar ta kusa rabi. Silin da na tsamo daga madarar biki na wanke na shanya na binne a cikin gwangwanin sukari, kuma da wannan sukarin Inna take shan shayinta na sahur, ita da ta ce kimba ce.