Daga Ƙofar Wambai Zuwa Kogin Chalawa: Fatar Da Aka Ɓoye Asalinta

Duk wanda ya nufi majemar Ƙofar Wambai a birnin Kano, hancinsa ne ke fara sanar da shi cewa ya iso. Ramuka ne jere, kowanne da aikinsa: a nan a jiƙa fata, a can a tsoma ta cikin ruwan toka don gashi ya saki, a gaba kuma a bar ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu. Masu jima na cuɗa ta da hannu da ƙafa, kamar yadda suka tarar iyayensu na yi.

Sana'ar tana da tarihi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalman birnin ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa, fatake ne ke ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta haye Turai, inda aka laƙaba mata suna "fatar Maroko". Wato tun a wancan zamani, fatarmu na barin gida, sunanmu na tsayawa a hanya.

Daga tsohon birni, sai matafiyi ya yi kudu, ya bi ta Sharaɗa zuwa Chalawa, inda manyan masana'antun jima suke. A nan sinadarin kuromiyam ya maye gurbin bagaruwa, domin ya fi ta sauri. Ana tura fatun zuwa Italiya da Sifaniya, a ɗinka jakunkuna da takalma masu tsada, a manna musu sunan ƙasar da aka yi ɗinkin.

Abin da ba ya shiga jirgi shi ne ruwan da aka jeme fatar da shi. Wanda ya tsaya a bakin magudanun yankin zai ga ruwa mai duhu da ɗoyi yana gangarawa zuwa kogin Chalawa. Da kogin nan manoman rani ke ban ruwa, a cikinsa masunta ke jefa koma, a gaɓarsa makiyaya ke shayar da dabbobi. Masana a jami'o'inmu sun sha auna ruwan, suna samun kuromiyam fiye da kima. Mai sayen jaka a birnin Milan ya biya kuɗin fata da ɗinki, amma kuɗin kogin yana wuyan mai shuka latas.

Ɓoye asali da gurɓata ruwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kayan da ba a san inda suka fito ba, babu mai tambayar yadda aka yi su. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ke ɗora wa manyan kamfanoni alhakin bincikar haƙƙin ma'aikata da lafiyar muhalli a wajen masu kawo musu kaya, ko da yake an jinkirta fara aiki da ita. Mu ma muna da hukumar NESREA tun 2007, da cibiyar binciken fata a Zariya. Ba sai mun jira Turai ba.

Abin da ya rage shi ne kowace fata ta fita da shaidar mahautar da aka feɗe ta da majemar da aka jeme ta. Kada masana'anta ta samu izinin fitar da kaya sai matatar ruwanta na aiki. Kamfanonin da ke saye su ɗauki kasonsu na kuɗin tacewa, a kuma wadata ma'aikata da safar hannu da takalman roba. In an rubuta sunan Kano a jikin jaka, mai saye zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, manomin gaɓar Chalawa kuma zai san wanda zai tuhuma.