Kadiri Ikhana da Ladan Wanda Ya Tsare Gida

Idan ƙwallo ta shiga raga, kowa ya san sunan wanda ya jefa ta. Ƙwallon da aka hana shiga kuwa ba ta da mai ita. Ba a rubuta ta a allo, maroƙi ba ya wasa wanda ya tare ta. Wannan ne ya sa mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna koya wa samari tare hanya da tsare gida suke saurin ɓacewa daga bakin jama'a. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kadiri Ikhana, kocin da ya fara kawo wa Kano Pillars kofin gasar ƙasa.

Ikhana ya yi suna ne a Bendel Insurance ta Benin, ƙungiyar da ta lallasa Enugu Rangers da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1978. Yana kuma cikin tawagar Green Eagles da ta ci Kofin Afirka a Legas ranar 22 ga Maris 1980, lokacin da aka doke Aljeriya da ci 3 ba ko ɗaya. Tambayi duk wani dattijo da ya saurari wasan a rediyo: zai ambaci Segun Odegbami da ya ci biyu, da Muda Lawal da ya ci ɗaya, wataƙila ya ƙara da kyaftin Christian Chukwu. Da wuya ya kai ga Ikhana.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shekarar 2003 ce, yana riƙe da Enyimba ta Aba. A zagayen rukuni na gasar zakarun Afirka, Ismaily ta Masar ta yi musu ruwan ƙwallaye, ci 6 da 1. Irin wannan kashi yakan raba koci da aikinsa kafin jirgi ya sauka. Sai ga shi ƙaddara ta sake haɗa su da Ismaily ɗin a wasan ƙarshe. A Aba, Enyimba ta ci 2 da nema. Saura a je Isma'iliyya, filin da aka sha shida, a hana masu gida cin biyu. Minti casa'in ana kai musu hari, 'yan kallo sun cika fili da hayaniya, amma ƙwallo ɗaya tak ta shiga. Da haka Enyimba ta zama ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ɗauki wannan kofi, aka kuma zaɓi Ikhana gwarzon kocin Afirka na shekarar. Tsakanin shida da ɗaya akwai aikin da ba a nunawa a talabijin: wa zai riƙe wa, yaushe za a ja da baya, yaushe za a matsa, da yadda za a cire wa yaro tsoron filin da aka taɓa kunyata shi.

A Jangeru, inda na taso, ba mu san wannan lissafi ba. Mun dai san cewa a filin makaranta wanda bai iya yanka ba shi ake turawa baya, mai ƙiba kuma a ba shi gola. Malamin wasanninmu na sakandare ne kaɗai yake jayayya da wannan. Yakan tsayar da atisaye don kawai mai tsaron baya ya kalli ƙwallo ya manta da mutumin da ke bayansa, mu kuwa muna ganin ɓata mana lokaci yake yi. Ya shekara fiye da ashirin a kan wannan aiki, da usur ɗaya da ƙwallon da ake ɗinkewa duk mako, kuma ban taɓa jin an kira sunansa a wani taro ba.

A 2008 Ikhana ya ci wa Pillars gasar ƙasa, karo na farko tun kafa ta a 1990. Daga Kaura Namoda har Shinkafi, masu bin wasan a rediyo sun ɗauki nasarar kamar tasu, domin a lokacin “Sai Masu Gida” ta zama taken Arewa gaba ɗaya. Murna ba ta lafa ba ya ajiye aiki, yana kukan rashin gaskiyar da ta dabaibaye harkar ƙwallo a ƙasar. Shekara ɗaya bayan haka Pillars ta fitar da Al Ahly ta Alƙahira daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, wani kocin daban yana kan benci. Wani ya yi shuka, wani ya yi girbi.

Sai a dubi yawan wuraren da ya zauna: El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, BCC Lions ta Gboko, Kwara United, har Bangladesh ya je, ya riƙe Super Falcons a 2012, ya koma Enyimba ya sake cin gasar ƙasa a 2015. Wasu na karanta wannan a matsayin ƙwarewa. Ni kuwa alamar ciwo nake gani. Yawancin ƙungiyoyinmu mallakar gwamnatocin jihohi ne. Idan gwamna ya sauya, shugabannin ƙungiya su sauya, koci ya tattara kayansa, sau da yawa da bashin albashi a baya. A Amurka, a irin ƙwallonsu ta runguma da ture, Bud Foster ya zauna a jami'ar Virginia Tech daga 1987 zuwa 2019, kuma ɓangaren tsaro ne babban abin da yake koyarwa. Shekara 33 a gida ɗaya. Tsaron baya abu ne da ake ginawa a hankali, sai mutum huɗu sun san numfashin juna, kuma ba a samun haka a wurin da ake ba koci wasa biyar ya nuna kansa.

A wajenmu ma matsalar ta wuce nan. Tun da hanyar Kaura zuwa Shinkafi ta zama abin fargaba, wasannin da makarantu ke zuwa yi wa juna sun ja baya ƙwarai, yara sun koma gidan kallo suna haddace sunayen masu tsaron bayan Arsenal da Real Madrid. Na gwada tambayar wasu daga cikinsu wa ya fara ci wa Pillars kofi. Biyu sun ce Ahmed Musa, ɗaya ya ce Rabi'u Ali, sauran suka ce ba a haife su ba.