Minti Ashirin Bayan Asuba

Tun da aka shiga zangon rubuta kundi, hira ɗaya ce a gurup ɗin ajinmu na mastas: rashin barci. Wani gabansa ke faɗuwa in ya ga kiran sufabaiza, wata sai ƙarfe uku take runtsawa. Daga nan aka fara turo manhajojin Headspace da Calm, inda za ka biya kuɗi a koya maka zama shiru, ka rufe ido, ka bi numfashinka.

Ni ban raina abin ba. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da irin wannan zama a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, sati takwas, ga marasa lafiyar da ciwo ya daɗe jikinsu. Daga addinin Buddha ya ɗauko shi, ya tsame ibadar ya bar horon. Mamakina dai shi ne yadda muke karɓarsa kamar ba mu taɓa ganin mutum ya zauna ya natsu ba.

A gidanmu nan Suleja na tashi ina ganin Baba kan buzunsa safe da yamma yana lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ko baƙo ya yi sallama, sai dai ya jira. Na san wani zai taso da zancen bidi'a a ƙasa. Malam, ajiye makaminka, azkar ɗin safiya da maraice ai ba mai jayayya a kai, ka riƙe wannan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Imamu Gazali, don ɗan boko zai fi gane halin da ya shiga. A 1095 shi ne babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa. Rana tsaka harshensa ya ɗaure, ya kasa karantarwa, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka ce matsalar daga zuciya take. Mutumin nan ya ajiye kujerar da kowa ke hanƙoro, ya tafi Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci ya kulle kansa wuni guda. Kusan shekara goma yana wannan hali, a ciki ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, har da babi sukutum kan muraƙaba, wato ka zauna da sanin Allah na kallonka.

Mu ba mu da shekara goma, kuɗin makaranta ba zai bari ba. Abin da na iya shi ne minti ashirin bayan asuba, waya a kashe cikin jaka, kafin in fita in tarar da cunkoson Madalla. Satin farko wallahi azaba ne. Baki na istigfari, zuciya na babi na uku, tana lissafin kuɗin mota da na firintin. Da na faɗa wa Baba, dariya ya yi ya ce, "Kai dai in ta gudu ka jawo ta, ai jawowar ce aikin."

Inda na rabu da manhajojin shi ne alkawarinsu: ka natsu don ka ƙara ƙwazo. Zikiri bai yi mini wannan alkawari ba, kundina har gobe yana babi na uku. Amma yanzu in aka dawo mini da shi jage-jage da jan biro, takarda nake gani an gyara. Da can sai in ji kamar ni aka soke.

Sai dai fa jama'a, a bambanta. Akwai ɗan ajinmu da ya daina cin abinci, ya daina ɗaga waya, kowa na ce masa ya yawaita zikiri. Yana yi, mun shaida. Sai da muka raka shi wajen likitan ƙwaƙwalwa aka ɗora shi kan magani sannan ya fara barci. Carbinsa na nan a aljihu, kuma ranar Alhamis shi ne zai fara gabatar da semina.