Takarda Ba Ta Mantuwa

Yau zancen ƙananan hotunan 'yan ƙwallon ƙafa zan yi maka, irin waɗanda ake saye ana liƙawa cikin littafi. Wataƙila ka ce wannan wasan yara ne. Ni manomi ne a ƙasar Alela, gemuna ya yi fari, amma ina da adaka guda da na ware wa waɗannan hotuna. Karanta sannu a hankali, ka ji dalili.

Bari in fara gaya maka inda abin ya samo asali. A ƙasar Italiya akwai wani gari, Modena. Can wasu 'yan'uwan juna masu sayar da jaridu, 'yan gidan Panini, suka soma buga hotunan 'yan ƙwallo a shekarar 1961. A 1970, da aka yi gasar kofin duniya a Meksiko, suka fitar da littafinsu na farko na wannan gasa. Littafin yana zuwa da gurabe, kowane gurbi da lambarsa. Hotunan kuma ana sayar da su dabam, cikin 'yar takarda a rufe. Ba ka sanin wanda ke ciki sai ka yage. In ka samu hoto, sai ka nemi lambarsa, ka liƙa shi a gurbinsa.

Nawa littafin na gasar 1982 ne, wadda aka yi a Espanya. Yayana ne ya kawo shi daga Abijan, inda ya je cirani kamar sauran samarin ƙasarmu. Littafin bai cika ba, gurabe da yawa ba kowa. Lokacin nan ban iya karatun boko ba. Sunayen 'yan wasa ina jin su a rediyo, fuskokinsu ina ganin su a takarda, amma ban san wane suna ne na wace fuska ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da rani aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu, na shiga. Malam ya koya mana baƙaƙe da wasula. Da dare sai in kunna fitila, in ɗauko littafin, in riƙa bin haruffa da yatsa. Sunan da na fara haɗawa ni kaɗai shi ne Rossi, ɗan Italiya wanda ya ci ƙwallo 6 a gasar. Haruffa biyar ne kawai, amma daren nan ban yi barci da wuri ba don murna. Daga shi na koma kan N'Kono, mai tsaron gidan Kamaru. Sannan na shiga karanta sunayen ƙasashe. Lambobin gurabe kuma su suka saba mini da karanta ɗaruruwa. Ran da na je sayar da wake kasuwar Ƙonni, na karanta lambar sikeli da idona, ban tambayi kowa ba.

Akwai wani abu kuma da littafin ya nuna mini. A gasar 1982 ƙasashe 24 suka kara, biyu daga Afirka: Aljeriya da Kamaru. Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da 1, Madjer da Belloumi suka ci mata. Kamaru ta yi wasa uku, ba wanda ya doke ta. Har Italiya, wadda ta ɗauki kofin, kunnen doki suka yi, 1 da 1. Amma in ka buɗe littafin, za ka ga ɗan wasan Italiya ko na Barazil kowa da hotonsa shi kaɗai. 'Yan Kamaru da na Aljeriya kuwa an cusa su biyu-biyu a hoto guda. Nan na gane cewa mai riƙe da alƙalami shi ke raba wuri. In ba mu rubuta namu ba, gefen shafi za a ba mu.

Tun daga nan nake tara abin da ya shafi namu. Ina da kalanda mai hoton Roger Milla, wanda yana da shekara 38 ya taimaki Kamaru ta shiga cikin ƙasashe 8 na ƙarshe a gasar 1990. Ina da ta Rashidi Yekini yana riƙe da raga, ranar da ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya, a 1994. Irin waɗannan kalandu daga tsallaken iyaka suke shigowa kasuwanninmu. Mutane kan rataya su shekara guda, sannan su zama takardar ƙunsa tsire. Ni kuwa roƙo nake a ba ni.

To, ina Mena, ƙungiyar ƙasarmu? Nijar ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, saboda haka babu ta cikin waɗancan littattafai. Amma tana da ranakun da ya kamata a tuna. A watan Oktoba na 2010, a Yamai, Mena ta doke Masar da ci 1 da nema, Musa Ma'azu ya ci. Masar kuwa ita ke riƙe da kofin Afirka a lokacin. A 2012 Mena ta je gasar kofin Afirka karo na farko, ƙarƙashin mai horarwa Haruna Dula. A 2013 ta sake zuwa. Hotunan wannan zamani daga jaridu na yanko su, na liƙa cikin kaye irin na 'yan lakwal, na rubuta suna da shekara ƙarƙashin kowane. Tambayi samarin garinku wa ya tsare wa Mena gida a waɗannan gasanni. Za su lissafa maka 'yan wasan Turai goma kafin su tuna Kasali Dauda.

Haka zancen kokowa. A Tawa aka fara gasar takobin ƙasa, a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Dattawa suna ba da labarin Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram. Amma waɗanda suka gan su da ido suna raguwa kowace shekara. Wa ya ajiye hotunansu a gidanku?

Kai, bar ma manyan ƙasa, dawo gida. Ina da hoto guda na 'yan ƙwallon garinmu, na zamanin samariya. Mutum goma sha ɗaya ne, ƙafa ba takalmi, ga tamaula a gabansu. Mai hoton bai rubuta komai a baya ba. Huɗu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kwanan baya muka zauna mu biyar, muna gardama kan na biyu daga hagu. Wannan ya ce wane ne, wancan ya ce ƙanensa ne. Sai da muka kai hoton wurin wata tsohuwa, ta duba, ta ce ɗanta ne, ta fashe da kuka. Da ta rasu kafin mu je, da sunan ya tafi ke nan. Ranar na rubuta sunayen duka a bayan hoton.

Yanzu ga gargaɗi kan kuɗi. Littafin gasar 2022 yana da gurabe 670, kuma hoto 5 ke cikin kowace takarda. Yi lissafi: 670 a raba 5, ya ba da 134. Wato ko da ba ka samu hoto guda sau biyu ba, sai ka sayi takarda 134. Amma maimaici dole ne, kuma da shi kamfani ke cin riba. Shi ya sa masu wayo ke musanya: ba ni wanda ba ni da shi, in ba ka wanda ya yi mini yawa. Gaskiya ne tsohon littafi yana iya yin daraja. A 2017 an sayar da na 1970, mai sa hannun Pele, a kan fam 10,450 na Ingila, sama da miliyan 7 na sefa. Amma wannan guda ne cikin dubbai. Kada ka taɓa rumbunka don hoto. Ni ban taɓa sayar da tiya guda ta hatsi saboda su ba. Kyauta, da musanya, da tsintuwa suka cika adakata.

In kana da irin waɗannan takardu, ka san abokan gabansu: gara, ɓera, laimar damina da hasken rana. Sa su cikin leda, ka sa ledar cikin gwangwani ko adakar ƙarfe mai murfi. Zuba busasshen ganyen bedi a ciki, kamar yadda muke yi wa iri. Ɗora adakar bisa dutse ko katako, kada ta taɓa ƙasa ko bango. Kada ka liƙa hoto da koko ko kunu, gara za ka gayyato. In za ka yi rubutu a baya, yi da fensir, don tawadar bik tana ratsa takarda. Hoton da ke cikin wayar salula kuma, in yana da muhimmanci, kai shi birni a wanke maka. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Ɗan'uwa, kai da ka iya haɗa baƙi yanzu, ga aikin da ya dace da hannunka. Yau da dare ɗauko tsohon hoto guda, na ƙwallo ne, na kokowa ne, ko na ranar suna. Juya bayansa, ka rubuta abu uku: suna, gari, shekara. Wanda ba ka sani ba, tambayi tsofaffi tun suna nan. Sannan ka kira 'ya'yanka, maza da mata, su karanta maka abin da ka rubuta. In sun gyara maka harafi, yi murna, karatu ya zauna gidanka. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.