Ungulu Ba Ta Jewar Banza

Masu iya magana sun ce ungulu ba ta jewar banza. Da wannan karin maganar ake yi wa makwaɗaici habaici, to amma ni a ganina yabo ne aka yi wa tsuntsuwar ba a sani ba. Jewar da take yi aiki ne, kuma irin aikin da babu mai son yi. Ga shi yau ungulu na neman ɓacewa daga garuruwanmu, amma ba ka jin ana jajanta wa juna, domin a wurinmu ƙazama ce kawai mai sanƙo.

Malaman kimiyyar muhalli suna koyar da cewa sinadaran da ke gina jikin mai rai zagayawa suke yi tsakanin iska da ƙasa da tsirrai da dabbobi. Mu ɗauki naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa kai tsaye. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya, irin waɗanda ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da gawo, sun sarrafa shi sun sa shi cikin ƙasa. Daga nan ciyawa ta zuƙa, saniya ta ci ciyawa, ya zama tsoka a jikinta. Haka shi ma fosforos yake barin ƙasa ya shiga ƙashinta. Ke nan duk dabbar da ke tafiya tana ɗauke da bashin ƙasa, kuma ranar da ta faɗi dole a biya. Masu kai wannan biyan su ne ungulu da kura da buzuzu da gara da tsutsa da bakteriya.

A cikinsu ungulu ce ke da sauri. Garkensu kan cinye mushe kafin ya ruɓe, kashinsu kuma ya koma taki. Allah Ya yi wa cikinta ruwa mai tsananin tsami, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Kare ko ɓera in ya ci mushe sai ya shigo da cutar cikin gida, ita kuwa a cikinta cutar ke ƙarewa.

Mahaifina mahauci ne, don haka da ungulu na tashi. Muna yara, rufin mahautar garinmu da tsamiyar bayanta ba sa rabuwa da su. Duk abin da aka zubar na tarkacen hanji da kitse da gudan jini, kafin azahar sun share. Mu kuwa aikinmu jifa. Yanzu in na je hutu, tsamiyar na nan amma babu ko ɗaya a kanta. Karnuka da ƙudaje ne suka gaje wurin, wari kuma har bakin titi. A nan kudu ma abokaina Yarbawa da ke kiranta igun, da Ibo da ke ce mata udele, labarinsu ɗaya da nawa.

Abin ya wuce gani da ido. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, IUCN, ta sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Manyan dalilai a Afirka biyu ne: gubar da ake sa wa mushe, da cinikin kanta da ƙafafunta don tsibbu da magani. A Nijeriya wannan cinikin ya fi yi mata illa. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka in aka kashe goma ba a mayar da gurbinsu da wuri.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Indiya. A shekarun 1990 aka riƙa ba shanu wani maganin ciwo mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekaru kaɗan fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'i uku suka mutu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana ɓata ruwan sha, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ya kai mai karatu, kare halitta bai tsaya ga giwar Yankari da zaki ba. Kowace halitta tana riƙe da wani aiki, in ta tafi kuma aikin kan faɗo kan mutane, su biya da kuɗi ko da lafiya. Ba mu da motocin kwasar shara da za su maye gurbin ungulu a kowace mahauta da kowane burtali.

Mu ɗaliban Hausa muna da abin yi a nan. Makiyayi da mahauci da mai magani, waɗanda makomar ungulu ke hannunsu, da yawansu da Hausa za a yi musu bayani su gamsu. Mu faɗa a rediyo da wasan kwaikwayo da zauren gida cewa a daina sa wa mushe guba, a daina sayen kan ungulu, a kuma bar manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. Idan aka yi haka, mai yiwuwa ne ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Allah Ya sa mu gane.